Yadda matashi zai haɗa sana'a da siyasar ƙaramar hukuma ba tare da ɗaya ta cinye ɗayar ba

Duk lokacin da labari ya fito cewa wani yaro ko wata yarinya mai shekara 20 da ƴan kai ta zama kansila ko magajin gari, ko an ga hoton wani matashi yana karɓar lambar yabo saboda kamfaninsa, abu na farko da zakaji ƴan uwa matasa suna faɗa shine ai sa'a ce, ko kuma ai yana da uwa a gindin murhu. Toh wani lokacin hakan ne, ba zan musa ba. Amma in ka zauna ka bi tarihin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya zakaga akwai wata hanya da yawancinsu suka bi wadda ba'a cika ɗaukar hotonta ba, kuma ita nake so mu tattauna, saboda abin yana damuna sosai yadda nake ganin matasa masu ƙwaƙwalwa da zuciya suna faɗawa siyasa da aljihu wayam, bayan shekara biyu uku sai kaga mutum ya koma ɗan amshin shata na wani, ko ya fito da bashi har wuya da baƙin jini.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shine wannan, ka fara samun abin da zai riƙa ciyar da kai kafin ka nemi kujera. Kujerar kansila ko ta ciyaman tana da wa'adi, shekara biyu ne ko uku ko huɗu ya danganta da dokar inda kake, kuma ana iya rushe majalisar dare ɗaya. Wanda bashi da wata hanyar samu sai kujerar nan, wallahi ba zai iya cewa a'a ba ranar da aka miƙo masa takardar da bai kamata ya sa wa hannu ba, domin yana tuna kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. Wanda kuwa yake da shagonsa ko gonarsa ko ɗan kamfaninsa yana iya ajiye biro ya miƙe.

Dubi Joko Widodo na Indonesiya. Ilimin gandun daji ya karanta a jami'a, ya gama a 1985, daga baya ya shiga harkar kayan katako, kujeru da tebura da kabad, a birnin Solo, har ya kai yana fitar da kaya ƙasashen waje. Ya shafe shekara fiye da 15 yana wannan sana'a kafin ya tsaya takarar magajin garin Solo a 2005. Kuma abin da ya koya a wajen aiki shi ya ɗauko ya kawo ofis, yana fita ba sanarwa yaje kasuwa ya duba da idonsa, sannan da ake so a tashi ƴan tireda daga wani fili bai turo musu jami'an tsaro ba, zama yayi ta yi dasu sau da dama har suka yarda suka koma sabon wuri da kansu. A 2010 aka sake zaɓensa da ƙuri'a sama da kashi 90 cikin 100, a 2012 ya zama gwamnan Jakarta, a 2014 shugaban ƙasa. Mutane suna tuna 2014 ɗin, ni kuwa shekarun da yayi cikin ƙurar katako yana lissafin kuɗin leburori su nake so ka kalla.

Toh wace sana'a? Ba sai ka ƙirƙiro wani abu da ba'a taɓa gani ba. Ka duba abin da mutanen yankinka suke kuka dashi kullum kuma suke biyan kuɗi akansa ko da ba daɗi, kwashe shara, kai ruwa, sufuri, gyaran sola da famfo, ajiyar amfanin gona, koyar da yara bayan an tashi makaranta, buga takardu da cike fom a intanet. Amfanin irin waɗannan shine kana cin riba kuma a lokaci guda kana koyon matsalolin da ƙaramar hukuma ce ya kamata ta magance su, wanda ya yi shekara uku yana kwashe shara a unguwanni ya fi duk wani mai digiri sanin wace kwata ce take toshewa da damina da kuma dalili.

Daga ranar farko ka sayi littafi ka riƙa rubuta shiga da fita, komai ƙanƙantarsa, ko ka yi a waya in ka fi sakewa da ita. Ka buɗe akawun na sana'ar daban da naka, ka yanka wa kanka albashi ka tsaya a kansa, kar ka riƙa zura hannu cikin jari duk sanda wata buƙata ta taso. Wannan shine wurin da yawancin ƙananan sana'o'i suke mutuwa, ciniki yana tafiya amma mai shi bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba. Sannan ka yi rijista da wuri. A Najeriya misali tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020 mutum ɗaya tilo yana iya yin rijistar ƙaramin kamfani a hukumar rijistar kamfanoni ta CAC ba sai ya nemo abokin tarayya ba, in ma kamfani ya yi maka nauyi akwai rijistar sunan kasuwanci kawai. Takardar nan da bayanan akawun na wata 12 su ne banki zai tambaya, su ne masu bada tallafi zasu tambaya, kuma ranar da abokin hamayya ya tashi a taro yace ina ka samu kuɗinka, su ne amsarka.

Maganar jari, ni dai shawarata ka guji bashi mai ruwa a shekarar farko, ka fara da ɗan abin da ke hannunka ka gwada ko mutane zasu saya. Tallafi akwai shi amma gasa ce mai zafi. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ɗaukar matasa daga ƙasashen Afirka 54, tana basu horo sannan jarin dala 5,000 wanda ba bashi bane, ana buɗe shafin neman a farkon watan Janairu. Amurka ma a 2014 ta fara shirin Mandela Washington na ƴan shekara 25 zuwa 35, mai ɓangaren kasuwanci da ɓangaren aikin gwamnati da na hidimar al'umma, sai dai ka bincika ko har yanzu ana yinsa. Duk irin waɗannan abu ɗaya suke dubawa, me ka riga ka yi da hannunka, mutum nawa suka amfana, ina shaida. Wanda yazo da dogon buri ba lissafi baya wucewa.

Yanzu ɓangaren hukuma. Kafin ka buga fosta ko guda ɗaya dan Allah ka zauna ka karanta menene aikin ƙaramar hukuma a dokar ƙasarka. Abin takaici ne kaji ɗan takarar kansila yana alƙawarin gina jami'a ko kawo ƙarshen tsadar man fetur, shi bai san ba hurumin kujerar bane, jama'a su kuma sun riƙe maganar suna jiransa. A tsarin mulkin Najeriya na 1999 jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi 774 ɗin nan, kasuwanni da tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, ban ɗakunan jama'a, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi, sa wa tituna suna da lambar gidaje, rijistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan haɗa hannu da jiha wajen firamare da kiwon lafiya da noma. Kaga duk abubuwa ne da mutum yake taɓawa da hannunsa kullum. A Kenya gundumomi 47 ne kowacce da majalisarta da wakilan mazaɓu, a Ghana majalisun gunduma ne, suna ya bambanta amma aikin kusan ɗaya ne. Shi kansila kuma ba shi yake bada kwangila ba, aikinsa yin ƙananan dokoki, amincewa da kasafin kuɗi, sa ido kan ɓangaren zartarwa da kai kukan mazaɓarsa. In ka fahimci wannan zaka san irin alƙawarin da zaka iya cikawa.

Sai kuma abin da nake ganin shi ne ya raba ƙwararren matashi da ɗan hayaniya, wato iya karanta bajet. Ka nemi kasafin kuɗin ƙaramar hukumarka na shekara biyu ko uku da suka wuce, ka zauna dashi kamar yadda kake zama da littafin shagonka. Nawa ya shigo daga sama, nawa aka tara a cikin gida daga haraji da kuɗin rumfuna da lasisi, nawa ya tafi albashi, nawa ya rage na ayyuka, sannan wane aiki aka rubuta an yi a mazaɓarku, ka taka da ƙafarka kaje ka gani ko yana nan. A Najeriya kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin 100 kuma ana wallafa abin da aka ware wa kowacce wata-wata, sannan ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye kuma gwamna bashi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin yana ta jan ƙafa, amma matashin da ya san da zamansa ya san inda zai tsaya ya yi tambaya. Akwai kuma dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka a rubuce, ƙasashe da yawa suna da irinta, ka rubuta wasiƙa cikin ladabi, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Kar ka raina wannan aikin bin diddigin. Hamzat Lawal yana cikin shekarunsa na 20 lokacin da shi da abokan aikinsa suka fara Follow The Money, wato shirin bin sawun kuɗin gwamnati, a 2012 akan gubar dalma da take kashe yara a Bagega ta jihar Zamfara, suka yi ta matsa lamba a kafafen sada zumunta da wajen ƴan majalisa har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsaftace garin a farkon 2013. Bashi da kujera ko ɗaya a lokacin. Bayanai ya riƙe da naci.

Wannan ya kawo mu kan hidima kafin kujera. Ka zaɓi matsala ɗaya, ɗaya tak, wadda zaka iya ganin ƙarshenta cikin wata shida zuwa shekara, rijiyar burtsatse da ta lalace, aji da rufinsa ya yaye, yaran da basu da takardar haihuwa, wata kwata da take cinye gidaje. Ka tara mutane biyar zuwa goma masu gaskiya, ku rubuta wa hukuma, ku bi sawu, in tara kuɗi za'a yi ku rubuta sunan duk wanda ya bada da abin da ya bada ku liƙa a fili, bayan an gama ku sake liƙa yadda aka kashe da rasit. Wallahi ranar da mutane suka ga an dawo musu da canjin kuɗinsu ranar ka fara kamfen ko da baka ce kana takara ba. Ka riƙa zuwa zaman majalisa in ana barin jama'a su shiga, ka zauna a baya ka saurara, zaka koyi yadda ake gabatar da ƙudiri da waye yake da faɗa a ji na gaskiya, wanda sau da yawa ba shine mai babbar kujera ba. Arya Rajendran da ta zama magajin garin Thiruvananthapuram a Indiya tana da shekara 21 a Disambar 2020, tun tana ƙarama take cikin ƙungiyar yara da ta ɗalibai tana shugabanci, shekarun ne kaɗan amma aikin ya daɗe.

Kuma ba dole sai ta ƙofar zaɓe ba, wannan ma ya kamata a faɗa. Akwai aikin ƙaramar hukuma na dindindin, sashen mulki, baitulmali, ayyuka, lafiya, noma, tsare-tsare da ƙididdiga, su ne suke nan ko wane ciyaman yazo ya tafi, kuma ma'aji ko daraktan mulki mai gaskiya yana iya tsare dukiyar jama'a fiye da kansila goma. Wanda yake son wannan layin ya nemi ilimin da ya dace, akanta, aikin injiniya, tsara birane, kiwon lafiyar al'umma, ko mulkin ƙananan hukumomi kansa wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take da sashe guda a kansa. Ci gaba a nan a hankali yake, mataki-mataki da jarabawar ƙarin girma, amma yana da tabbas. Sardauna Ahmadu Bello ma ai daga koyarwa ya zama hakimin Rabah a 1934 yana matashi, ya daɗe a mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, yana koyon haraji da shari'a da ma'amala da jama'a kafin ya zama Firimiyan Arewa a 1954.

In kuwa zaɓen ka nufa, toh fara da doka. Shekara nawa ake buƙata, wace takardar makaranta, sai kana da rijistar zaɓe a mazaɓar ko a'a, shaidar biyan haraji, in ma'aikaci ne kai yaushe zaka ajiye aiki. A Najeriya dokar rage shekarun takara da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ta sauko da shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, amma sharuɗan kansila da ciyaman dokar kowace jiha ce take tsara su kuma hukumar zaɓe ta jiha ce take gudanarwa, banda Abuja da INEC take yi, saboda haka kaje ofishinsu ka karɓi ƙa'idojin a rubuce kar ka dogara da ance-ance. A Najeriya babu ɗan takara mai zaman kansa sai jam'iyya ta tsayar da kai, a Ghana kuwa zaɓen majalisar gunduma ba'a yinsa da tutar jam'iyya. Mutane da yawa an cire sunansu ne akan takarda ɗaya da bata cika ba, ko suna da ya bambanta tsakanin satifiket da katin zaɓe, ka gyara irin wannan tun shekara guda kafin lokaci.

Jam'iyya kuma a matakin mazaɓa ake shigarta, kuma da wuri. Ka yanki kati, ka riƙa zuwa taro, ka karɓi aikin da kowa yake gudu, rubuta bayanan taro, riƙe rijistar mambobi, zama ejan a rumfar zaɓe na wani ɗan takarar. Nan zaka san su waye deliget, yadda ake fidda gwani, waye ke cika alƙawari waye baya cikawa. Sai batun ubangida, wanda nasan shine yake cin ran kowa. Gaskiya samun babba da zai riƙe hannunka ya nuna maka hanya abu ne mai kyau, kowa yana buƙata. Matsalar tana farawa ne ranar da ya biya maka kuɗin fom da na fosta da na mota gaba ɗaya, daga ranar kujerar tasa ce kai riƙo kake masa. In zaka karɓi taimako ka karɓa daga mutane da yawa kaɗan-kaɗan, kuma ka tambayi babban tun a farko cikin girmamawa, ranka ya daɗe me ake so in yi in Allah ya bamu nasara. In amsar ta ƙunshi abin da ba zaka iya faɗa a gaban jama'a ba, ka yi godiya ka ja da baya, zaɓe ba wannan ne na ƙarshe ba.

Kamfen ɗin kansila lissafi ne irin na kasuwa, shi yasa ɗan kasuwa yake da fifiko in ya nutsu. Rumfunan zaɓe nawa ne a mazaɓar, masu rijista nawa a kowacce, mutum nawa suka fito a zaɓen baya, wanda ya ci da ƙuri'a nawa ya ci. Zaɓen ƙananan hukumomi kusan ko'ina a duniya mutane basu cika fitowa ba, don haka adadin da kake buƙata sau da yawa bai kai yadda kake tsoro ba, mutane ne da zaka iya bi gida-gida ka gaisa dasu ka saurare su. Ka ware kuɗin da in sun tafi gaba ɗaya sana'arka ba zata girgiza ba, ka rubuta adadin, in ya ƙare ya ƙare. Kar ka taɓa jari, kar ka sayar da injin da kake aiki dashi, kar ka fara bada kaya bashi don neman ƙuri'a domin ba za'a biya ba kuma ba lallai a zaɓe ka ba. Facebook da WhatsApp suna da amfani wajen nuna aikin da ka yi da hoto da kwanan wata, amma masu danna maka so da yawansu ba a mazaɓarka suke da rijista ba. Ranar zaɓe ka sa ejan mai amana a kowace rumfa, wanda ya iya karatu, ba zai tashi ba sai an ƙirga an rubuta ya sa hannu ya karɓi kwafin sakamako.

Ke kuma ƴar uwa duk abin da na faɗa har dake, kuma nasan naki ya fi nauyi, za'a yi maganar aurenki da shigarki da fitarki wanda ba'a yi wa namiji. Ki fara da samun goyon bayan gida, ki gina tawaga da mata da maza, ki riƙe takardun aikinki da kyau domin ke za'a fi bincika. Chhavi Rajawat tana da digiri na biyu a harkar kasuwanci kuma tana aiki a kamfani, ta ajiye ta koma ƙauyensu Soda a jihar Rajasthan aka zaɓe ta shugabar majalisar ƙauyen a 2010, ta sa ƙarfinta kan ruwan sha da ban ɗakuna da hanyoyi. Ilimin kasuwancin nan shi ya bata damar zama da kamfanoni da jami'an gwamnati ta yi magana da lissafi.

Ka shirya wa faɗuwa tun kafin ta zo. Sanna Marin ta Finland wadda ta yi aikin kashiya a kanti tana ɗaliba, ta tsaya takarar majalisar birnin Tampere a 2008 bata ci ba, ta dawo a 2012 ta ci tana da shekara 26, ta shugabanci majalisar daga 2013, ta shiga majalisar ƙasa a 2015, a Disambar 2019 ta zama firaminista tana da shekara 34. Michael Tubbs a Amurka ya zama kansila a Stockton yana da shekara 22 a 2012, shekarar da birnin ya bayyana ya tsiyace, ya zama magajin gari a zaɓen 2016 yana da 26, ya kawo shirin gwaji na ba mutum 125 dala 500 duk wata wanda duniya ta yi ta magana akai, amma duk da haka a 2020 ya faɗi zaɓe a garinsu. Suna a waje baya maye gurbin gaisawa da mutanen gida. In ka faɗi ka taya wanda ya ci murna in dai zaɓen an yi shi da gaskiya, in kana da hujjar maguɗi ka kai kotun zaɓe cikin wa'adin da doka ta bada domin gajere ne, kar ka tura yaran mutane titi. Washegari ka buɗe shagonka.

In kuma Allah ya baka, toh nan ne jarabawar take, kuma nan ne nake so ka fi nutsuwa. Sana'ar da ta baka ƴanci ita ce zata iya zama igiyar da za'a ɗaure ka da ita. Tun kafin rantsuwa ka miƙa ragamar kasuwancin ga manaja ko abokin tarayya da ka riga ka horar, a rubuce, da iyakar abin da zai iya yanke hukunci akai da ranar da zai riƙa kawo rahoto. A Najeriya ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata dake jadawali na biyar ta haɗa har da ciyaman da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ta hana mai riƙe da muƙami na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in banda noma, kuma dole ka cike fom ɗin bayyana kadarori lokacin shiga da lokacin fita. Ka cike shi da gaskiya har da bashin da ake binka. Kamfaninka kar ya nemi kwangila a hukumar da kake ciki, kuma sa sunan ƙaninka ko matarka ko yaron shagonka bai canza komai ba, kowa ya sani, odita ma zai gano. In aka kawo batun da ya shafi harkarka a zaman majalisa, misali kana da motocin haya ana maganar kuɗin tasha, ka miƙe ka faɗa cewa kana da ruwa a ciki, a rubuta, ka fita har a gama.

Watannin farko ka saurara fiye da yadda kake magana. Tsofaffin ma'aikata sun ga irinka da yawa, wasu zasu gwada ka, wasu kuwa suna jiran wanda zai tambaye su ne kawai su zuba masa ilimin shekara 30, ka girmama su ka riƙa tambaya. Kar ka sa hannu a takardar da baka karanta ba ko da ance sauri ake, ka nemi shiga kwamitin kuɗi ko na ayyuka in da hali. Ƙofar gidanka zata cika da masu buƙata, mara lafiya, ɗalibi, wanda aka kora daga haya, kuma da yawansu da gaske suke, albashinka kuwa ba zai ɗauke su ba ko ka raba shi duka. Ka ware wani kaso sananne na taimako ka tsaya a kansa, sauran ka haɗa su da inda ya dace, ofishin jin daɗin jama'a, shirin tallafin karatu, inshorar lafiya, ka bi musu sawu da waya. Duk wata uku ka kira taron mazaɓa ka faɗa musu ga abin da na nema, ga abin da aka samu, ga wanda aka hana da dalili. A birnin Porto Alegre na Brazil tun 1989 suka fara barin mazauna unguwanni su zauna su zaɓi ayyukan da za'a sa a bajet, kai ma kana iya yin ƙaramin irinsa, kafin lokacin kasafi ka tara mutane su jera buƙatu uku da suka fi damunsu, su ka kai majalisa da sa hannunsu.

Ka buɗe fayil tun ranar farko, kwafin duk wasiƙar da ka rubuta, duk ƙudirin da ka gabatar, hoton kowane aiki kafin da bayan, da bayanan taron da ka fita saboda kana da ruwa a batun. Wata shida kafin wa'adi ya ƙare ka zauna da manajanka ku duba littafi, ka ga ko sana'ar tana tsaye da ƙafarta, daga nan ne zaka yanke ko tazarce zaka nema, ko kujera ta gaba, ko kuma komawa bakin aiki na wasu shekaru. Fayil ɗin ka yi kwafi biyu, ɗaya ka miƙa wa wanda zai gaje ka tare da jerin ayyukan da ba'a gama ba da lambar ofishin da kowanne ya maƙale, ɗaya ka ajiye a gida.